Sufacaja ko turbo a tsohuwar Corolla 1.6? Ga tawa amsar

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka tambaya wanne za ka sa wa motarka don ƙara mata ƙarfi, sufacaja ko turbo. Sufacaja za ka sa, ka ajiye maganar turbo gefe, tunda ka ce a gida za ka yi aikin kuma injin naka 4A-FE ne na Corolla 1995 da ba a taɓa buɗe cikinsa ba. Irin motarka ce a hannuna, Corolla samfurin AE101, kuma sufacajar Benz ce a jikinta yanzu haka, da ita nake zuwa aiki da ita nake kai yara makaranta.

Su biyun aikinsu ɗaya ne, cusa iska cikin inji da ƙarfi domin ya iya ƙona mai fiye da yadda ya saba. Inda suka rabu shi ne abin da ke juya su, shi turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, ita kuwa bel ne daga fulin kiranshaf, kuma ga mai aiki a tsakar gida wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Idan turbo ne sai an haɗa maka sabon manifol na salansa da ƙarfen da zai jure ya yi ja wur ya huce ya sake yin ja ba tare da ya tsage ba, waldar bakin titi ba ta wannan aikin, sannan sai ka jawo masa layin baƙin mai daga inji, ka huda kwanon mai na ƙasa ka yi masa hanyar komawa, ka sake bututun salansa daga sama har ƙasa, kuma a 4A-FE salansar a gaba take dab da lagireto da fanka, kenan duk wutar nan a nan za ta zauna a garin da Afrilu ke wuce digiri 40. Ita sufacajar kamfanin Eaton, irin tawa ta Benz, nata man yana rufe a cikin hancinta ba ruwanta da baƙin man inji, salansa ko taɓa ta ba za ka yi ba, aikinka biraket ne da fuli da bel da bututun iska. In ka yi mata bel nata daban, ko ya tsinke maka a hanya motar za ta kai ka gida a matsayin 1.6 ɗinta ta asali.

Turbo ya fi ba da ƙarfi kuma ba ya satar komai daga kiranshaf, wannan ban musa ba, wanda ke da gareji da kuɗin sake fistin sai ya je ya yi.

Amma abin da ya sa nake son tawa, da ka taka totur take amsawa, babu jira. Na san ta kai ne ranar da muka taso daga Akwanga za mu Jos, ni da iyali da kaya cike da but, muka iso Hawan Kibo muka tarar da tirela tana jan ciki hayaƙi baƙi ƙirin. Duk wanda ya san wajen ya san yadda ƙaramar mota ke yi, kana hawa iska na raguwa, Jos ɗin kanta tana sama da mita 1,200 kuma inji mara caja yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a irin wannan tudu, da can sai na koma giya biyu inji na kuka mota na tafiyar hawainiya. Ranar da hanya ta buɗe na hango gaba fes, a giya uku na taka, wannan siririn kukan nata ya taso, muka wuce tirelar cikin natsuwa na koma hannuna tun da sauran fili mai yawa. Maman yara da ba ruwanta da harkar mota sai da ta juyo ta ce yau kuma motar me ta ci. Wallahi wannan ne amfaninta a wajena, rage lokacin da kake zaune a hannun wani idan za ka wuce babbar mota, ba tsere ba.

To wace iri za ka nema. A kasuwar kayan Beljiyam irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, wadda ta fi sauƙin samu ita ce ta Mercedes masu rubutun Kompressor, kuma Eaton ne ke ƙera su. Akwai M45, ita ce tawa, tana fitowa a C200 Kompressor na farkon shekarun 2000 mai injin M111. Akwai M62 ta tsohuwar C230 Kompressor da SLK 230 na farko, ita tana da kuloci na lantarki a fulinta irin na kwamfuresar AC, kana iya sa mata makunni ka kashe ta ka kunna, abin sha'awa ne amma ta fi girma da nauyi kuma wuri a bonet ɗin Corolla ba shi da yawa. Ta tsohuwar MINI Cooper S ma M45 ce sai dai a bayanta take juya famfon ruwa, za ta ƙara maka aiki, ka bar ta. Ga 1.6 M45 ta isa har ta yi yawa.

Lissafin fulin ba wuya. Injin 1.6 a kowane juyi ɗaya yana shaƙar rabin girmansa ne, lita 0.8. M45 tana tura kusan lita 0.75 a juyi ɗaya. Iskar da muke ciki nauyinta psi 14.7 (psi ma'aunin matsin iska ne), idan kana son ƙarin psi 6 kenan kana neman ƙarin kusan kashi 40 cikin 100, wato wajen lita 1.1 a kowane juyin inji, sai sufacajar ta juya sau ɗaya da rabi duk juyi ɗaya na kiranshaf. Fulin ƙasa na kiranshaf ya zama ya fi na sama na sufacaja faɗi da rabi kenan, kuma ko inji ya kai juyi 6,000 a minti ita tana 9,000, ba ta wahala ba. Lissafin takarda ne wannan, gejin matsin iska ne zai faɗa maka gaskiya, don haka ka fara da fuli babba a kan sufacajar wanda zai ba ka psi 4 ko 5 ka ga yadda inji ya karɓa. Kar ka wuce 6, don Allah kar ka wuce. Matsin da fistin ɗin 4A-FE ke yi wa iska a cikin silinda ninki 9.5 ne kuma fistin ɗinsa na talakawa ne, ita kanta Toyota da ta yi nata injin mai sufacaja, 4A-GZE, sai da ta sa fistin masu ƙarfi ta sauke matsin zuwa 8.0 a na farko, na baya 8.9, ta ƙara intakula mai sanyaya iska kafin ta shiga inji, ba don ba su san aiki ba suka yi haka.

Biraket ɗin kuwa kar ka yi masa rowar ƙarfe, faranti mai kauri, kuma a kai wa masu injin juya ƙarfe su fitar da fuli daidai. In fulin sama da na ƙasa suka kauce wa juna ko da kaɗan ne bel zai riƙa cin gefe yana tsalle, ka ɗora doguwar rula ta ƙarfe a fuskar su biyun ka ga ta kwanta lif babu haske a tsakani kafin a yi waldar ƙarshe. Bel mai layi 6 za ka sa, mai layi 4 santsi zai riƙa yi. Wasu cire kwamfuresar AC suke su sa ta a gurbin don ya fi sauƙi, ni ban yarda na rabu da AC a zafin nan ba, na gwammace wahalar biraket. Sai bawul ɗin da ke mayar da iska baya idan ka ɗaga ƙafa daga totur, wannan dole ne, in babu shi tana ta tura iska a ƙofa rufaffiya, zafi ya taru, mai ya tafi a banza.

Yanzu ga inda mutane ke kashe injinsu, kuma a nan sufacaja da turbo duk ɗaya ne babu wanda ya tsira. Ƙarfen da za ka ɗaura shi ne mai arha a cikin aikin, mai tsadar shi ne saitin fetur da wuta. Birenbos ɗin 4A-FE yana auna iska ne da wani sensa da aka yi shi don injin da ke zuƙa da kansa, bai san wani abu wai matsi sama da na sarari ba, da ya ga haka ko ya yanke mai ko ya ci gaba da ba da ɗan man da ya saba alhali iska ta ƙaru. Iska da yawa mai kaɗan wuta ce tsagwaronta, fistin narkewa yake. Kana buƙatar nozul da suka fi naka girma, famfon mai mai ƙarfi irin Walbro 255, da kwamfutar da za ka iya saitawa, Speeduino ko MegaSquirt, da sensa mai karanta matsin iska har bar 2, wato kusan ninki biyu na iskar sarari. Sannan gejin da ke nuna haɗin iska da mai, irin na AEM ko Innovate, a liƙe a gabanka kana gani. A tafiya ta lalama 14.7 za ka gani, wato iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya, amma da ka taka matsi ya shigo ya kamata ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, in ka ga 13 ko 14 alhali ƙafarka na ƙasa ka ɗaga nan take. Taimin ɗin wuta ma sai an ja shi baya yayin da matsi ke hawa, masu saiti kan fara da kusan digiri 1 a kowane psi sannan su gyara a hankali, fulogi kuma a sa mai sanyi da mataki ɗaya.

Ka horar da kunnenka. Idan kana hawa tudu ka ji wata ƙara ƙis-ƙis-ƙis kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani, man ne ke fashewa kafin lokacinsa, kuma wannan ƙarar ce ke fasa gefen fistin ta ƙona gaskit. Fetur ɗinmu bai kai mai lamba 95 ɗin da ake sha a Turai jure matsi ba, ga zafi, ga shi ita irin wannan sufacajar tana dumama iska sosai, don haka duk wani saiti da ka gani wani Bature ya yi a garinsu mai sanyi ka rage masa. Intakula ko ƙarama ce ka sa a gaban lagireto, ka wanke lagireton ko ka sake shi, tamostat ya kasance yana nan kar a cire maka shi da sunan maganin obahitin. Filtar iska kuma mai kyau a cikin akwati, ba wannan buɗaɗɗiyar mai kala ba, ƙurar hunturu in ta shiga tana kankare fentin da ke jikin rotocin ne, ƙarafa biyun da ke juyawa a cikin sufacajar suna tura iska, a hankali har matsi ya ragu.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu sayarwa. Na farko waɗannan da ke tallata wai sufacaja ta lantarki a intanet, ƴar fanka ce ta roba mai waya biyu da za ka haɗa da batir, ba ta matsa komai, toshe hanyar iska ma take, kuma ranar da fiffikenta ya karye cikin inji zai faɗa. Na biyu masu wanke wadda ta gama aiki da fetur su fesa mata fenti su ce yanzu aka sauke ta daga kwantena. Ka riƙe ta da hannunka, ka juya fulin gaba da baya, in ka ji yana ƙwas-ƙwas kafin rotoci su motsa to robar da ke haɗa su ta ci, ita ana sakewa amma a rage maka kuɗi. Ka haska fitilar waya ciki, in ka ga zane mai zurfi a bango ko fentin rotoci ya ɓare fal-fal ka ajiye musu kayansu. Ka buɗe wajen man ka duba, wari dama yana da shi mai tsanani wannan ba laifi ba ne, abin gudu shi ne ka tarar a bushe ko da garin ƙarfe. Kuma kar ka biya sai da sharaɗin mayarwa a gaban shaida, kar ka tura wa kowa kuɗi a kan hoto. Haka duk bakaniken da ya ce maka zai ɗaura ba sai an taɓa birenbos ba, ka yi masa godiya ka tafi.

In da za ka dace da 4A-GZE cikakke da wayarinsa da birenbos ɗinsa, to shi ya fi duka biyun, ƙarfin doki 170 yake bayarwa a AE101 kuma kamfani ne ya haɗa abinsa, sai dai tun 1995 aka daina yinsa, samunsa da lafiya sai an tona. Kai da naka injin mai doki 105 zuwa 115 ka sa ran ƙarin kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100 in an saita da kyau, ba ninki ba, amma a mota mara nauyi irin wannan za ka ji shi sosai. Kulocinka in ya tsufa zai fara santsi, ka sake shi tun yanzu, birki da taya kuma su riga sufacajar shiga mota. Shan mai in kana tafiya a hankali kusan yadda ka saba ne saboda bawul ɗin nan, in ƙafarka na da nauyi kuwa za ka ji a aljihu, kuma ka san yadda lita ta koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya ka auna kwamfureshin silinda huɗun. Littafin Toyota ya ce lafiyayye wajen psi 191 ne, mafi ƙaranci 142, kuma tazarar da ke tsakaninsu kar ta wuce 14. In naka na can ƙasa ko yana shan baƙin mai yana hayaƙi shuɗi, kuɗin sufacajar ka fara kai su wajen ringi da gaskit tukuna. Ka auna ka turo lambobin da hoton cikin bonet ɗinka ta gefen bel, sai mu duba inda biraket zai zauna.