Wata huɗu ina bin taswirar 'yan sa kai a cikin Kano

Abin da ya sa na sauke wata manhajar taswira mai nuna hanya shi ne ana iya ajiye taswirar a cikin waya a riƙa binta ko babu data, ni kuwa aikina na kai atamfa da shadda daga Kantin Kwari zuwa gidajen masu sari yakan jefa ni unguwannin da ban san kansu ba. Bayanan da manhajar take aiki da su daga OpenStreetMap suke, wato shirin nan da Steve Coast ya fara a Ingila a shekarar 2004, wanda kowa yake da damar buɗe asusu ya zana titi ko ya sa sunan wuri ba tare da an biya shi ko sisi ba. A makonnin farko na yaba ƙwarai. Titin Zariya da Titin Gidan Zu da gadar sama ta Dangi duk sun fito daidai, kuma a wasu unguwannin har siffar gidaje ɗaya bayan ɗaya ake gani, abin da ya sa na riƙa nuna wa abokan kasuwa kamar ni na zana.

Ranar da ra'ayina ya sauya wata Laraba ce bayan la'asar, an ba ni kwatancen wani gida a cikin birni, can wajen Jakara. Hajiyar da ta yi odar kayan ta ce mini in ajiye mota a bakin titi in kira yaronta, amma da na duba waya sai na ga layi shimfiɗe har kusa da ƙofar gidan, an zana shi da irin launin da ake zana hanyar mota. Na ce a raina me zai sa in ɗora wa yaro dila biyu alhali ga hanya. Na karya kan mota na shiga. Da farko lungun yana da faɗi, sai ya fara tsukewa a hankali, har na iso inda dakalin wani gida ya fito daga hagu, kwata kuma ta bi ta tsakiya, ko adaidaita sahu ba za ta wuce ba sai ta karkace. Kafin in yi tunanin komawa, mai ga-ruwa ya riga ya turo kurarsa ta bayana, babura biyu kuma sun tsaya a gabana suna ta hon.

Wani dattijo da yake zaune a bakin zaure ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka mota tana bi ta nan?" Na ce, "Baba, waya ce ta nuna mini." Bai ce komai ba, sai ya kira matasan layin suka janye kurar, suka riƙa ba ni hannu ina komawa da baya taku-taku. Mun shafe fiye da rabin sa'a, madubin dama ya daki katanga ya fashe, kuma a ƙarshe yaron Hajiya ne dai ya zo ya ɗauki kayan a kansa, kamar yadda aka faɗa mini tun farko.

Da daddare na buɗe shafin taswirar a kwamfuta, domin ɗaya daga cikin abubuwan da suka burge ni shi ne kowane layi yana da tarihinsa, ana iya ganin wanda ya zana shi da ranar da ya zana da kuma abin da ya dogara da shi. Wanda ya zana wannan lungun daga hoton tauraron ɗan adam ya kwafe shi shekaru da dama da suka wuce, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake taɓa shi. Daga sama, tazarar da ke tsakanin gidaje biyu hanya ce, amma hoton ba ya nuna dakali ko kwata ko rumfar mai shayi, balle ya nuna inda lungu ya tsuke. Ban ga laifin niyyar mutumin ba, domin da irin wannan zane daga nesa ne 'yan sa kai suka fitar da taswirar babban birnin Haiti cikin 'yan kwanaki bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, masu aikin ceto suka amfana da ita. Sai dai wanda bai taɓa taka cikin ganuwar Kano ba bai kamata ya yanke hukunci cewa mota tana bin wuri ba.

Akwai binciken da Muki Haklay na wata jami'a a Landan ya wallafa a 2010, inda ya kwatanta wannan taswira da ta hukumar safiyo ta Birtaniya, ya samu cewa bambancin wurin da titunan suke bai wuce kimanin mita 6 ba, amma kuma unguwannin marasa galihu ba su samu kulawar da na masu hali suka samu ba. Abin da na gani a Kano bai yi nisa da haka ba. Inda titi yake a ƙasa, nan yake a waya, wannan kam ba ni da ƙorafi a kansa. Matsalar tana ga bayanin da sai mazaunin wuri ne zai iya bayarwa, kuma irin waɗannan mazauna ba su ne suke zama gaban kwamfuta suna gyaran taswira ba.

Na buɗe asusu na mayar da lungun hanyar ƙafa da babur, kuma cikin 'yan mintuna gyaran ya bayyana a shafin, abin da ya ɗan huce mini haushi. Har na fara tunanin ba manhajar makin tauraro huɗu cikin biyar, sai na tuna sauran abubuwan da na riƙa haɗiyewa. Gyaran nawa bai iso wayata ba sai bayan makonni, lokacin da aka sabunta taswirar da ake saukewa, ke nan duk wanda ya bi ta wurin a tsakani yana iya faɗawa inda na faɗa. Layuka da yawa ba su da suna ko kaɗan, waɗansu kuma suna ɗauke da sunan da babu wanda yake kiransu da shi a unguwar. Na taɓa bin alamar wani kantin magani a Hotoro na tarar shagon ɗinki ne, mai shagon ya ce ya daɗe da karɓar wurin. Mu kuwa kwatancenmu da masallaci da gidan mai unguwa da bishiyar dalbejiya muke yinsa, kuma galibin waɗannan babu su a ciki.

Tauraro uku na ba ta. Ina binta a manyan tituna da sababbin unguwanni, amma da zarar na shiga ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai sai in kashe ta in kira mai kaya, madubin kuma har yau da salatif yake riƙe.