Allon jan layin ninki: shin ya cancanci saye don haɗa kwalin abinci?

Allo ne na roba mai inci 12 kowane gefe, da ƙananan kwarori a jere, tazarar kashi ɗaya cikin takwas na inci tsakaninsu, kusan milimita 3. Yana zuwa da ɗan sanda mai dakusasshen baki. Aikinsa ɗaya: ya danne layi a jikin takarda kafin a ninke ta, kuma yana yin sa da kyau.

Ɗauki kati mai girman A4, nauyin giram 250 a kowace murabba'in mita. Ja layi inci 2 daga kowane gefe, ka yanka tsaga ɗaya a kowace kusurwa, ka ɗaga bangon, ka manne kunnuwan daga waje don kada gam ya taɓa abinci. Kusurwoyin suna fita tsaf, ba karkata.

Inda yake ba da matsala shi ne kati mai sheƙi. Ka danna da ƙarfi, fentin ya dare a kan ninkin, farin da ke cikin katin ya leƙo. Gara ka bi layin sau biyu a hankali. Takarda ƙasa da giram 120 kuwa tana iya hujewa. Sannan ma'aunin duk na inci ne, mai aiki da santimita sai ya yi ta lissafi.

Katin ba ya hana maiƙo ratsawa. Shimfiɗa takardar gasa burodi a cikin kwalin, amma kada ka ɓata gam a kanta, rufin silikon ɗinta ba ya kamawa. Ninke bakinta kawai. Takardar ado mai tawada ta tsaya a waje.

Mai haɗa kwali da yawa ya saya. Don biyu ko uku, rula da biron da tawadarsa ta ƙare sun isa.