Sharhi kan Akwatin Tiriga Mai Kunna Amfilifaya Tare da Risiba

Duk wanda ya ƙara amfilifaya ta daban, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a kan risibar sinimar gida, wato na'urar da take karɓar sauti da hoto ta rarraba su ga sifiku da talabijin, ya san cewa ƙarfin sautin da ya samu yana zuwa da wata 'yar ɗawainiya da ba a faɗa masa a shago. Risiba tana jin rimot, kuma idan an haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI tana iya tashi da kanta da zarar an kunna talabijin ɗin, amma amfilifaya, musamman tsohuwa ko irin ta masu kiɗan taro, babu abin da ta sani sai makunnin da ke gabanta. Sakamakon haka dole mutum ya riƙa tashi yana danna ta da hannu, ko kuma ya bar ta a kunne dare da rana tana cin wuta tana ɗumama ɗaki. A gidan da mutane da yawa suke amfani da falo ɗaya abin ya fi damuwa, domin idan amfilifayar ce take tura sifikun gaba guda uku, yaro zai kunna fim ya ga bakin 'yan wasa yana motsi amma babu magana, sai ɗan ƙara kawai daga sifikun baya, ya zo ya ce kayan sun lalace.

Abin da nake sharhi a kansa ƙaramin akwati ne da aka yi don wannan matsala kaɗai. Nawa ba ya ɗauke da sunan wani sanannen kamfani, irin waɗanda ake samu ne a kasuwannin intanet da siffofi masu kama da juna. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. A gefe ɗaya akwai wayar da ke shiga soket ɗin bango, a sama akwai soket ɗaya da ake soka fulogin amfilifaya, a ɗaya gefen kuma akwai ƙaramin rami irin na abin sauraren kunne mai faɗin milimita 3.5, wanda siginar risiba take shiga ta cikinsa. A jikinsa an rubuta cewa yana ɗaukar amfiya 10 a kan volt 250, kuma yana karɓar sigina daga volt 5 zuwa 12. A ciki babu wani abu mai rikitarwa: rile ne, wato makunnin da maganaɗisu yake rufewa da buɗewa, tare da 'yan ƙananan sassan da ke raba ɓangaren sigina da ɓangaren wutar gida.

Domin a fahimci amfaninsa, ya kamata a san abin da risiba take bayarwa. Risibobi na matsakaicin daraja zuwa sama suna da rami a baya da aka rubuta TRIGGER OUT a kansa, wato ramin tiriga. Idan risiba ta tashi, ramin yana fitar da volt 12 na wuta irin ta batir, idan ta koma yanayin jira kuma sai ya ɗauke. Wannan wuta ba ta da ƙarfin tafiyar da komai, saƙo ce kawai. A kan risibobin Denon da Marantz an rubuta cewa iyakarta miliamfiya 150, a kan na Yamaha kuma amfiya 0.1, wato miliamfiya 100. Amfilifayoyin zamani da aka yi don sinimar gida suna da nasu ramin karɓar wannan saƙo, kuma mai irin wannan amfilifaya ba ya buƙatar akwatin nan ko kaɗan, waya guda ta ishe shi. Akwatin na wanda amfilifayarsa ba ta da ramin ne. A da can risibobi suna zuwa da soket ɗin wuta a bayansu wanda yake kunnuwa tare da su, amma an yi shi ne don ƙananan kaya irin su na'urar kaset da ta faifai, yawanci bai wuce wat 100 ko 120 ba, kuma yawancin kamfanoni sun daina sa shi a sababbin risibobi. Ko a wancan zamani soka babbar amfilifaya a cikinsa ganganci ne.

Haɗa shi ba ya ɗaukar lokaci, amma akwai sharuɗɗa biyu da idan aka saɓa musu mutum zai zargi akwatin a banza. Na farko shi ne wayar sigina. Dole ta zama mai baƙin zobe ɗaya a bakinta, ba mai zobe biyu irin ta sauraren waƙa ba, kuma littafin Denon ya faɗi haka a fili. Wayar da ta zo cikin kwalin nawa daidai take, sai dai gajera ce, don haka akwatin ya zauna a bayan risiba maimakon kusa da bango. Sharaɗi na biyu ya shafi amfilifayar kanta: makunninta ya zama irin wanda yake tsayawa a danne, ta yadda idan wuta ta iso sai ta tashi kai tsaye. Wadda take komawa yanayin jira duk lokacin da aka ba ta wuta, tana jiran a taɓa maɓalli, ba za ta amfana da wannan akwati ba. Gwajin yana da sauƙi kafin a kashe kuɗi: a kunna amfilifayar, a kashe soket ɗin bango, a dakata kaɗan a sake kunnawa, a ga ko ta dawo aiki da kanta. Bayan wannan sai a shiga saitunan risiba, domin a yawancinsu ana zaɓar waɗanne kafofi ne za su tayar da siginar. Idan an zaɓi kafar talabijin kaɗai aka manta da ta rediyo ko ta Bluetooth, amfilifaya za ta yi shiru idan aka koma can, kuma mutum zai ɗauka akwatin ne yake wasa.

A wajen aiki ban sami abin kuka ba. Ana danna rimot sai a ji ƙaramin ƙas daga cikin akwatin, fitilar amfilifaya ta kama, sannan bayan 'yan daƙiƙu a ji nata rile ɗin ya haɗa sifiku, kusan daidai lokacin da risiba take sakin sauti. Tsohuwar ƙa'idar masu kayan sauti ita ce amfilifaya ta zama ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa, don kada bugun da ke fita daga na'urorin gabanta ya isa sifiku da ƙarfi. Akwatin ba shi da jinkiri nasa, saboda haka yana dogara ne ga jinkirin kariyar da ke cikin amfilifaya da kuma shirun da risiba take yi a farkon tashinta. A kayana wannan ya wadatar, ban ji bugu ba ko wajen kunnawa ko wajen kashewa. Amma mai tsohuwar amfilifaya da ba ta da rile na kare sifiku zai iya jin dum a lokacin kashewa, domin kafasitocinta, wato sassan da suke tara wuta a cikinta, suna riƙe da wuta na ɗan lokaci bayan an yanke ta. Abin da na fi jin tsoro shi ne gurnanin nan na wutar gida da yake shiga sauti idan an ƙara wata waya tsakanin na'urori biyu. Na sa kunne dab da sifikar tsakiya kafin haɗawa da bayan haɗawa, ban ji bambanci ba, kuma dalilin a fili yake, tunda wayar sigina ba ta taɓa jikin amfilifaya, a akwatin take ƙarewa.

Inda mai saye ya kamata ya tsaya ya yi tunani sosai shi ne lambar nan ta amfiya 10. A lissafi, amfiya 10 a kan volt 230 tana ba da wat 2300, wanda ya fi abin da amfilifayar falo take ja ko da an ƙure ta. Matsalar ba a tsakiyar fim take ba, a ƙiftawar farko ta kunnawa take. Babbar taransfoma, musamman mai siffar zobe, tare da manyan kafasitoci da suke fanko, suna zuƙar wuta a wannan ƙiftawa ninki da yawa a kan abin da suke ja daga baya, shi ya sa wani lokaci ƙwan ɗaki yake ɗan dusashewa idan an kunna babbar amfilifaya. Kowace kunnawa tana barin ɗan tartsatsi a bakin rile, kuma idan rile ɗin ƙarami ne, wata rana bakin zai narke ya manne, amfilifaya ta ƙi mutuwa ko da risiba ta kwanta. Amfilifayoyi masu nauyi da yawa suna da tsarin tashi a hankali a cikinsu wanda yake rage wannan zuƙa, kuma da irinsu akwatin zai daɗe. Wanda yake da amfilifaya mai tura sifiku biyar ko bakwai, ko yake son ya rataya biyu a kan akwati ɗaya ta hanyar ƙarin soket, ina ba shi shawara ya nemi mai amfiya 16 ko fiye, ko kuma kowace ta sami nata akwatin. Idan za a raba sigina ɗaya ga akwatuna biyu, a tabbata jimillar abin da suke ja bai haura iyakar da aka rubuta a bayan risiba ba.

A wurinmu, inda ɗauke wuta da kawo ta ba labari ba ne, akwatin yana da wata fa'ida da masu sayar da shi ba su ambata ba. Muddin risiba tana yanayin jira, rile a buɗe yake, don haka amfilifaya ba ta cikin kayan da suke karɓar wutar farko idan an dawo da ita ko an juya zuwa janareta. Wannan ba yana nufin akwatin ya maye gurbin sitabilaiza ko na'urar kare kaya daga hauhawar wuta ba, ba a yi shi don haka ba, kuma idan wuta ta yi wasa ana tsakiyar kallo babu abin da zai hana. Sai kuma batun cin wuta, wanda a ganina shi ne babban dalilin saye ga mai inbata. A ɗauka amfilifaya tana jan wat 40 alhali ba ta fitar da sauti, wanda ba baƙon abu ba ne ga masu tsohon tsari. Idan ta zauna haka awa 20 a rana, ta cinye wat-awa 800, wato kusan yunit 24 a wata a mita mai kati, ko kuma kashi ɗaya bisa uku na abin da batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 yake ɗauka a rubuce. Barin ta a kunne kamar barin famfo ne yana ɗiga cikin dare a gidan da ake sayen ruwa.

Akwai wasu hanyoyin da mutane suke bi, kuma na auna su da wannan. Soket mai uwa da 'ya'ya, wanda yake lura da wutar da risiba take ja ya kunna sauran ramukan, yana aiki, amma risibobin yanzu suna jan 'yar wuta ko a yanayin jira idan an bar musu intanet ko wucewar hoton HDMI, kuma wannan yana rikitar da shi har sai an yi ta murɗa ma'auninsa. Tsarin kunna kai idan an ji sauti, wanda aka saba gani a wufa, wato sifikar da take fitar da sauti mai kauri, yana cinye kalmomin farko kafin ya farka, kuma yana iya kwanciya a tsakiyar fim mai shiru idan sifikun baya amfilifayar take turawa. Fulogi mai aiki da manhajar waya yana ƙara wani mataki da wani abin dogaro, wato intanet ɗin gida. Sigina ta waya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin risiba ce da kanta take faɗin cewa ta tashi, ba hasashe ake yi ba.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba sun shafi ƙira ne. Soket ɗin samansa irin mai karɓar kowane fulogi ne, kuma irin wannan ba ya kama fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi da ƙarfin da soket ɗin bango yake kamawa, alhali sako-sako a wurin da wuta mai yawa take bi shi ne mafarin zafi. Babu fis a cikin akwatin, kariyar kawai ita ce fis mai amfiya 13 da ke cikin fulogin. Babu makunnin hannu da zai ba mutum damar kunna amfilifaya ba tare da risiba ba. Takardar bayanin da ta zo da shi kuma ba ta faɗi ko wayar ƙasa ta kariya ta ratsa daga fulogi zuwa soket ba, sai da mai gyaran lantarki ya auna da mita ya tabbatar mini ta ratsa. Wannan awo ina ganin wajibi ne ga duk wanda amfilifayarsa take da jikin ƙarfe da fulogi mai ƙafa uku. Haka nan a kula wajen oda daga waje, domin da yawa daga cikin irin waɗannan akwatuna an yi su ne don Amurka, inda wutar gida volt 120 ce kuma ramukan soket daban suke, kuma ba su dace da wutarmu ba.

Ga mai risiba da ke da ramin tiriga da amfilifaya matsakaiciya mai makunni na dannawa, wannan akwati ya cancanci kuɗinsa, kuma zan sake sayensa, sai dai zan zaɓi mai soket na ƙafa uku zalla da rile mafi girma. Wanda risibarsa ba ta da ramin yana da sauran dama guda, tunda akwatin yana karɓar volt 5: ramin USB na risiba yana fitar da wannan adadi, kuma akwai wayoyi masu USB a baki ɗaya da ƙaramin fulogin milimita 3.5 a ɗaya bakin. Kafin a dogara da wannan hanya, a soka ƙaramar fitilar USB a ramin, a kashe risiba da rimot, a duba ko fitilar ta mutu, domin a wasu risibobi ramin yana ci gaba da ba da wuta a yanayin jira har sai an kashe saitin intanet na jira, kuma idan haka ne amfilifaya za ta kwana a kunne.