MSW zalla ko haɗin MSW da MPH: ga wanda za ki ɗauka

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a gurbin da kika samu a Amurka. Kin tambaye ni ko MSW zalla za ki yi ko haɗin MSW da MPH. Tunda digirinki na farko a fannin jin daɗin jama'a kika yi shi a gida, kuma niyyarki ki dawo ki yi aiki da ƙungiyoyin agaji a Arewa maso Gabas, ki ɗauki haɗin MSW da MPH, wato digiri na biyu a jin daɗin jama'a tare da na kiwon lafiyar al'umma. MSW zalla mai ƙwarewa kan lafiyar ƙwaƙwalwa ba don irin tafiyarki aka tsara shi ba.

Mu fara da lissafi. MSW a Amurka yawanci kiredit 60 ne a shekara biyu, kuma hukumar CSWE da take tantance makarantun ta wajabta aƙalla awa 900 na horon aiki a asibiti, makaranta ko wata cibiya. MPH kuwa, hukumar CEPH ta ce kada ya gaza kiredit 42, shi ma galibi shekara biyu ake yi. In kika yi su ɗaya bayan ɗaya shekara huɗu ke nan. A tsarin haɗin ana gamawa a shekara uku, saboda wasu darussa, kamar dabarun bincike da lissafin alƙaluma, ana ƙirga su a ɓangarorin biyu. Jami'o'i irin su Michigan, Boston da Columbia duk suna da wannan tsari. Abin da za ki ƙara a kan MSW zalla shi ne shekara ɗaya ta kuɗin makaranta, haya da inshorar lafiya. Kuɗi ne mai yawa, ba zan ɓoye miki ba.

Ga abin da shekarar take saya miki. Ki ɗauki cibiyar kula da yara masu tamowa a wani sansani kusa da Maiduguri. Ana auna damtsen yaro da ɗan zaren awon nan mai launi uku, in bai kai santimita 11.5 ba a sa shi cikin shiri, a riƙa ba uwar ƙunshin abincin gyaɗa na musamman, a ce ta dawo da shi a ranar awo. Sai a wayi gari uwaye suna ɗauke ƙafa. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda masu ba da tallafi suke aunawa da su, sun ce masu barin shiri kada su kai kashi 15 cikin 100, masu warkewa kuma su haura kashi 75. Mai MPH ita ce za ta zauna da rajista ta fitar da adadin, ta raba shi unguwa-unguwa da wata-wata, ta ga cewa daga shigowar damina ne abin ya tashi, kuma a matsugunai biyu mafi nisa. Mai MSW ita ce za ta bi uwar gida, ta zauna a tabarma, ta bar gaisuwa ta yi tsawonta, har matar ta faɗa mata cewa maigida ne ya hana ta fita, ko kuɗin a-daidaita ya fi ƙarfinta, ko kuwa ƙunshin yaro ɗaya ake rabawa yara huɗu don babu komai a tukunya. Wadda ta riƙe duka biyun takan koma ofis ta rubuta rahoton da ya haɗa adadi da dalili, ta nemi a buɗe wurin awo na tafi-da-gidanka a matsugunan nan, ta saka kuɗinsa a kasafi. Irin wannan ma'aikaciyar ake ba shugabancin shiri, domin takardar neman tallafi, tsara bincike, da sa ido kan sakamakon aiki su ne rabin aikin ƙungiyoyin nan, kuma a MPH ake koyar da su sosai.

Shi MSW zalla na lafiyar ƙwaƙwalwa, karatu ne mai kyau ga wanda zai zauna a can. Amfaninsa yana cika ne da lasisin LCSW na kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, wanda jiha ce take bayarwa bayan an gama digiri, an yi aiki a ƙarƙashin mai dubawa, an ci jarrabawar lasisi ta ƙungiyar ASWB. Kalifoniya tana neman awa 3,000 a cikin aƙalla mako 104. Niyok tana neman wata 36. Ke kuwa izinin aiki na bayan karatu da ake kira OPT wata 12 ne kacal. Sai dai ki samu wanda zai ɗauki nauyin bizarki ta aiki, in ba haka ba za ki tattaro kayanki kin yi rabin hanya. Ko kin samu lasisin ma, a jihar da ta ba ki yake aiki. A gida, dokar kafa majalisar kula da aikin jin daɗin jama'a ta 2022 ce take magana. Haɗin MSW da digirin lauya kuwa ki manta da shi: shekara huɗu ne kina karanta dokar wata ƙasa.

Kada ki ji tsoron cewa za ki rasa ɓangaren ƙwaƙwalwa. Aikin da ake yi a Borno da Yobe ya fi dogara da ƙa'idojin IASC, kwamitin haɗin gwiwar hukumomin agaji na duniya, na 2007 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin bala'i, da shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, wanda yake horar da ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba. Darasi biyu ko uku kan raunin da tashin hankali yake bar wa mutum, da horon aiki a cibiyar 'yan gudun hijira, sun ishe ki tushe.

Za a ce miki taura biyu ba ta taunuwa. Tana taunuwa, amma akwai wuraren da haƙori yake karyewa. Galibi makarantun biyu daban-daban suke ba da gurbi, na lafiyar al'umma sau da yawa ta shafin neman gurbi na bai-ɗaya mai suna SOPHAS ake nema, kuma samun ɗaya ba ya nufin kin samu ɗayan. Ki duba takardarki da kyau, shin gurbi biyu ne a hannunki ko ɗaya da alkawarin za ki nemi na biyun in kin shiga. Sannan tallafin karatu. A jami'o'i da dama kuɗin zango yana bin makarantar da kike rajista a cikinta a wannan zangon, tallafin da makarantar jin daɗin jama'a ta ba ki ba lallai ya bi ki zuwa ɗayar ba. A nan ɗalibai suka fi shiga uku, a shekara ta uku, aljihu ya bushe. In kuma kika janye daga ɓangare ɗaya, darussan da aka ƙirga miki sau biyu suna iya warwarewa, ki koma cike giɓi. Ki nemi a rubuta miki jadawalin zango-zango da kuɗin kowanne kafin ki biya ko sisi.

Darussan zaɓi ma haɗin yana cinye su. Niyok, misali, tana so a ga kiredit 12 na darussan kula da masu larura a cikin MSW ɗin kafin ta ba da LCSW. In kina so ki bar wannan ƙofar a buɗe ko da ra'ayinki zai canza, tun zangon farko za ki faɗa wa mai ba ki shawara a sashe. MPH yana da nasa horon aikin da kundin kammalawa, don haka ki tambaya ko horonki na shekarar ƙarshe a MSW zai cike gurbin duka biyun.

A ɓangaren MPH ɗin ki zaɓi ilimin bin diddigin cututtuka ko lissafin alƙaluman lafiya. Su ne suka fi wuyar koyo a bakin aiki, kuma suna cikin jerin fannonin STEM, wato kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi, da ake iya ƙara wa OPT wata 24. Lambar fannin da aka buga a takardarki ta I-20, wadda ake neman bizar ɗalibi da ita, ita ce hujja, ba sunan kwas ɗin ba, sai ki tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun da wuri, musamman yadda dokokin biza suke ta sauyawa.

Akwai kuma rangwamen da mutane da yawa ba su nema. Mai digirin farko a wannan fanni yana iya shiga tsarin Advanced Standing, a yafe masa shekarar farko ta MSW. Mai digirin waje sai ya bi ta sashen CSWE mai suna ISWDRES, ya tura sakamako, bayanin kowane darasi, da shaidar awannin horon aiki. Rashin wannan shaidar ce take kayar da 'yan gida, domin sashe ba ya rubuta awanni a sakamako. Ki je sashenku ki karɓo wasiƙa mai hatimi da ta faɗi inda kika yi horon, awa nawa, da wanda ya duba ki. Ki kuma tambayi jami'ar ko tana yarda a haɗa wannan rangwame da MPH, don ba kowacce ba.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa: ki kiyayi dillalan gurbin karatu da suka cika WhatsApp da Facebook. Wanda ya ce zai samo miki digiri biyu ta intanet a wata tara ƙarya yake yi. Ki buɗe shafin CSWE da na CEPH ki nemi sunan makarantar da kanki, kuma ki lura da bambancin wadda aka tantance da wadda take kan layin tantancewa. Kuɗin SEVIS, na rajistar ɗaliban ƙasashen waje, ke za ki biya a shafin gwamnatin Amurka, I-20 kuma makaranta ce take bayarwa, ba a sayar da ita. Kowa ya ga yadda gwamnatin tarayyar Najeriya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Jamhuriyar Benin da Togo a Janairun 2024, masu laifi da marasa laifi duk abin ya shafe su. In kin dawo, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce za ta tantance takardunki, don haka ki ajiye asalin sakamako, takardar shiga makaranta da kwafin biza a fayil ɗaya tun daga yau.