Shatar mota daga Legas zuwa Cape Coast: takardarsu ta cuce mu, direbansu ne ya rufa musu asiri

Tun da muka dawo mutane ke ta damuna a WhatsApp wai ya tafiyar Gana, wai in turo musu lambar kamfanin da muka ɗauki shatar motarsu. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa, lamba dai ba zan bayar ba, don ba na son gobe wani ya ce ni na jefa shi.

Mu 'yan wani ƙauye ne a bayan Ringim. Biki ne ya fitar da mu, jikar yayar Inna za a aurar a zangon Cape Coast, ita yayar tata tun tana budurwa aka kai ta aure can lokacin da kakanmu ke fataucin goro, rabonsu da juna ya fi shekara ashirin. Inna ta ce ita ba za ta hau jirgi ba ko an biya mata, kuma tunda Allah ya sa hanyar bakin teku ce to so take ta ga tekun nan da idonta da rana tsaka, don ita duk ruwan da ta sani a duniya bai wuce kogin Hadeja in ya kawo da damina ba. Mu huɗu ne, ni da Inna da ƙanwata da ɗanta ɗan shekara biyar. Muka hau babbar mota daga Kano, muka sauka Agege wurin wani ɗan uwanmu mai sana'ar canji, shi ya haɗa mu da kamfanin. Kuɗin ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa ɗaukar shatar Sienna zuwa ƙetare ya san ba wasa ba ne, bijimi guda na sayar.

Abin da ya ja ni wallahi takardar da suka turo min ce. Jadawali ne tsaf kamar na jarrabawa. Tashi daga Agege ƙarfe 6, Badagiri ƙarfe 8 a tsaya a ga tsohon benen nan na 1845, bodar Seme ta shiga Benin minti 30, abincin rana a Kwatano, Wida ƙarfe 1, Grand-Popo ƙarfe 3 a sha iska a gindin kwakwa, Lome da la'asar, Accra wadda su Inna ke ce wa Ankara ƙarfe 8 na dare, washegari Juma'a da hantsi muna Cape Coast. Na karanta wa Inna tana ta murmushi. Sai daga baya na gane yaron ofishinsu taswirar waya kawai ya buɗe ya kwafo awannin ya zuba, ita kuwa waya lissafin motar da babu mutum a ciki take yi, motar da ba ta sallah ba ta fitsari ba ta da tsohuwa mai kumburin ƙafa kuma ba ta san akwai boda uku a gabanta ba.

Motar ba ta zo ba sai 7 da rabi. Na haɗiye wannan. Fita daga Legas kaɗai ya ci mana safiyar, ga shingayen jami'ai daga Badagiri zuwa Seme, nisan ba wani nisa ba ne amma tsaya-tashi tsaya-tashi. Benen 1845 ko inuwarsa ba mu gani ba, direban ya ce Alhaji in muka tsaya nan dare zai yi mana a hanya, na ce mu je.

To Seme. Nan ne fa. Mu namu takardun lafiya lau, fasfo na ECOWAS da katin rigakafin shawara kowa da nasa har yaron, don tun a Dutse na yi wahalarsu, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba aka buga mana hatimi. Sai aka zo kan mota. Ashe inshorar nan ta ECOWAS da ake ce wa Brown Card, wadda dole mota ta riƙe in za ta tsallaka wata ƙasa, tasu ta ƙare tun watan jiya. Jami'an ba su da laifi ko kaɗan, aikinsu suka yi, mutumin ma cikin mutunci ya nuna min kwanan watan da yatsa. Direba ya kira ogansu bai ɗauka ba, ya sake kira bai ɗauka ba, ni na kira da layina ya ɗauka ya ce min wai in kwantar da hankalina minti goma za a turo kuɗi a sabunta. Minti goman nan tun azahar har muka yi la'asar a wurin. Rana kamar ta tsaga kai, ga zafin nan na kudu mai ɗanko wanda gumi ba ya bushewa, ba irin namu ba. Yaro ya yi kuka ya gaji ya yi barci ya tashi ya ɗora daga inda ya tsaya. Inna na zaune a benci a rumfar wasu 'yan canji Hausawa, Allah ya saka musu, su suka ba ta wuri da ruwan alwala, ƙafarta ta kumbura sumtum har silifas ya ƙi shiga, kuma ba ta ce min komai ba, wannan shirun nata ya fi min zafi a kan a ce faɗa ta yi. Sau ɗaya kawai ta ce, ɗan nan, tekun da nisa har yanzu? Na ce Inna ya kusa. A ƙarshe ni na ciro kuɗi daga aljihuna na canza sefa aka yi takardar, da alkawarin za su mayar min. Ku riƙe wannan alkawarin, zan dawo kansa.

Awa huɗu da rabi muka yi a wurin da takarda ta ce minti 30.

Daga nan komai ya rushe. Muka faɗa Kwatano daidai lokacin tashi daga aiki, 'yan acaɓansu masu rigar ɗorawa da suke ce wa zemijan sun cika titi kamar fara, kilomita talatin da 'yan kai daga boda amma sai da muka yi ta jan ciki. Wida, inda ƙofar nan take ta tunawa da bayin da aka kwashe, wadda aka gina a 1995 a bakin ruwa, daga cikin gari ma sai ka yi wajen kilomita 4 kafin ka kai, ana kiran magariba muka wuce mahaɗar. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, yankin da ya fi ko'ina kyau a duk hanyar, daga Grand-Popo zuwa bodar Hillacondji ta shiga Togo zuwa Aneho, inda titi ke tafiya teku a hagu kwakwa jere, a cikin duhu muka ratsa shi. Direba ya sauke gilas ya ce Hajiya ji ƙararsa. Inna ta kasa kunne ta ce wannan ai kamar hadari ne ke tasowa. Kuɗin da na biya don ta gani, ji kawai ta yi.

Ankara ƙarfe 8 kuwa sai a mafarki. A Lome muka kwana, otal ɗin ma ni na biya.

Amma fa gaskiya in zan yi adalci dole in yi maganar direban. Dattijo ne, ya yi shekaru yana bin hanyar, yana jin Faransanci yana jin Hausa har da yaren mutanen Togo kaɗan-kaɗan, ba ya gudu ba ya tsaki, duk inda Inna ta motsa zai ce Hajiya a tsaya ne? Shi ya gaya min in mayar da agogona baya da awa ɗaya, don Togo da Gana suna bayan Najeriya da Benin da awa guda, abin da takardar ba ta ko ambata ba. Da asuba bayan mun yi sallah ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce Alhaji fito da Hajiya, kafin mu shiga layin boda akwai bashin da zan biya. Ashe a Lome babban titin a bakin ruwa yake, rairayi da kwakwa har zuwa bodar Aflawo ta shiga Gana, bodar ma a cikin garin take. Ya faka, muka riƙo Inna muka taka rairayin, gari na wayewa masunta na jan koma da igiya suna waƙa. Inna ta tsaya ta yi shiru ta daɗe, can ta ce to ina ɗaya gaɓar? Direba ya ce Hajiya sai dai a jirgi. Igiyar ruwa ta zo ta dake ta a ƙafa ta ja da baya tana salati, sannan ta sunkuya ta ɗiba ta ɗanɗana ta tofar ta ce Allah mai iko, wa ya zuba gishiri haka. Ƙanwata na kuka ni ina dariya. A wannan lokacin wallahi na yafe wa kamfanin, na ce a raina ko don wannan bawan Allah zan ba su tauraro huɗu.

Aflawo ba ta ba mu wahala sosai ba tunda yanzu takardu sun cika, awa ɗaya da 'yan mintuna. Daga nan zuwa Ankara kusan kilomita 190, hanyar ta bar bakin teku ta shiga ciki, muka tsaya a Sogakope wajen gadar kogin Volta muka sayi burodinsu da ake yayi. A Nima, wata unguwa a Ankara, ya kai mu muka ci waakye, wanda ba komai ba ne illa shinkafa da wakenmu, sunan ma daga wake ya fito, Inna na ta mamakin yadda kowa ke gaishe ta da Hausa sannu da zuwa Hajiya kamar tana kasuwar Gujungu.

Sai Kasoa ta dawo min da ɓacin raina sabo fil. Sunan garin daga kalmar kasuwa ne, Hausawa suka raɗa, kuma ya ci sunansa. Yammacin Juma'a kowa na fita daga Ankara, muka shiga cunkoson da mai tallan ruwa ya wuce mu ya dawo ya sake wuce mu. Ankara zuwa Cape Coast bai kai kilomita 150 ba amma ba mu shiga zango ba sai bayan isha'i. Sallar Juma'a ta wuce mu, kuma lallen amarya da aka ce yayar Inna ta hana a fara sai ƙanwarta ta iso, sun jira sun gaji sun yi abinsu. Tsofaffin nan biyu suka rungume juna suna kuka a tsakar gida, abin da yayar ta fara cewa shi ne tun hantsi nake leƙen hanya. Duk wanda ya san hanyar ya san Kasoa ba a shigarta da yamma, direban ma ya faɗa min tun a Lome, to me ya hana ofishinsu tambayarsa kafin su rubuta wa mutane ƙarya? Mutumin da ya fi kowa sanin hanya yana hannunsu amma waya suka tambaya. Tauraro huɗun nan na janye biyu.

Bayan biki mun je Elmina, ba nisa daga Cape Coast, gidan da 'yan Fotugal suka gina a 1482, Inna ta leƙa ɗakin da ake tara bayi mata ta fito ta ce a mayar da ita gida.

Dawowa ni da direba muka zauna muka yi namu lissafin a bayan takardar tasu, na ƙara kuɗin kwana ɗaya. Kowace boda muka ba ta awa biyu, in an fita da wuri riba ce. Kowace awa biyu zuwa uku a tsaya Inna ta miƙe ƙafa, sallah a haɗa azahar da la'asar a wuri guda mai ruwa. Muka bar Cape Coast ana idar da asuba, duk da haka mun ɗan taɓa cunkoson masu shiga Ankara aiki amma ba irin na ranar Juma'a ba, muka kwana Lome. Washegari ba gaggawa, Lome zuwa Kwatano duka wajen kilomita 150 ne, muka bi Aneho da hantsi muka zauna Grand-Popo yaro ya yi wasa da rairayi Inna ta sha ruwan kwakwa, sai dai ba a shiga ruwan don igiyarsa na ja, muka ga ƙofar Wida da rana, muka kwana Kwatano. In za ka yi gabas ka tuna awar nan da ka samu kyauta za ka mayar da ita a Hillacondji. Rana ta uku muka tsallaka Seme da sassafe. Kwana uku, babu wanda ya yi kuka.

Kuɗin inshora da na otal kuwa yau wata biyu ke nan. Ogan ya ce wai akawunsu ya yi tafiya, jiya na kira ya ce zai kira ni. Direban shi ya kira da kansa ranar Juma'ar da ta wuce yana tambayar ƙafar Hajiya. Inna ta cika gorar roba da ruwan teku ta zo da shi, yana nan a kan kabad ɗinta kusa da kwallaye, duk matar da ta shigo yi mata sannu da zuwa sai ta sa ta ɗanɗana.