Masu bin takardar amandi a Maraɗi: rubutunsu ya cancanci kuɗi, "na san wani a ciki" bai cancanta ba

Duk ɗan kabu-kabun da aka taɓa kama wa babur a Maraɗi ya san su. Kafin ka share gumi a ƙofar kwamisariya wani ya riga ya matso, jakar takardu a hammata: "Ƙanena, mi ya faru? Kawo in gani." Wasunsu suna da tebur da kwamfuta da injin fotokopi a inuwar bedi, wasu ba su da komai sai waya da baki. Abin da suke sayarwa uku ne: su rubuta maka takardar ƙorafi da Faransanci, su haɗa maka dosiye, ko su ce za su shiga ciki su fito maka da babur. Magana a nan kan aikinsu ne idan laifin da aka rubuta maka gudu ne fiye da ƙa'ida, kai kuma ka tabbata ba ka yi ba.

Na farko da na biyu aiki ne na gaskiya idan ka dace da wanda ya iya. Na ukun kada ka ba shi ko dala.

Ana gane gwani daga tambayarsa ta farko. Wanda ya san aiki, kafin ya faɗi farashi zai ce maka: "Ka riga ka biya?" Dalili shi ne, a tsarin shari'ar ƙananan laifuka irin na hanya, biyan amandi yana rufe magana, kuma ana ɗaukarsa a matsayin ka amsa laifin. Wanda ya biya ya karɓi kitansi, sannan ya zo yana so a rubuta masa ƙorafi, ya makara. Mai rubutun da ya ga kitansi a hannunka amma ya karɓi kuɗinka ya hau buga takarda, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani ya yi shiru don ya ci. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa a tashi daga teburinsa.

Tambaya ta biyu ita ce me aka ba ka a hannu. Takardar da jami'i ya rubuta ya kamata ta nuna rana da lokaci, wurin da abin ya faru, lambar babur, laifin da ake tuhuma, da wanda ya rubuta. Mai bin takarda na kirki zai shimfiɗa ta a kan tebur, ya bi ta layi layi da bakin biro, ya gwada lambar da ke ciki da ta katgiris ɗinka, wato takardar rajistar babur. Harafi ɗaya da ya saɓa, ko wuri da aka rubuta "cikin gari" kawai ba a faɗi titi ko mahaɗa ba, abu ne da za a sa a ƙorafi. Amma kada ya ruɗe ka cewa kuskuren biro zai kashe magana baki ɗaya. Takardar jami'i a irin wannan laifi tana da nauyi a gaban alƙali: ana ɗaukar abin da ke cikinta gaskiya ne har sai ka kawo hujjar da ta rushe shi, ko dai a rubuce ko ta bakin shaidu. Rantsuwarka kaɗai ba ta ɗaga ta.

A nan ne yawancin masu rubutun suke faɗuwa, kuma a nan ne ya kamata ka matsa musu. Sun saba da takardar roƙo, wadda ake cika ta da girmamawa da "talaka ne, yana da iyali". Ƙorafin gudu ba haka yake so ba, tambaya yake so. Da me aka auna gudun? Idan da na'urar rada ce, lamba nawa ta nuna, kuma an rubuta lambar? Wace na'ura ce, yaushe aka duba daidaitonta? A lokacin, babur ɗin shi kaɗai ne a hanya ko yana gefen mota? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin rada mai aiki da igiyar rediyo tana watsa ta ne da faɗi, kuma babbar mota tana mayar da sigina mai ƙarfi fiye da babur. A hanya irin ta Ɗan Isa ko babbar hanyar da ta fito daga Yamai ta wuce Zinder, inda babur ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tirela, tambayar ba ta wasa ba ce. Idan kuwa da ido aka ƙiyasta, to a faɗi haka ƙarara a takardar, cikin ladabi, ba tare da an ce wa kowa maƙaryaci ba.

Hujja kuma kai ne za ka kawo ta, ba mai rubutu ba. Kilomita 50 a awa, iyakar gudu cikin gari, kusan mita 14 ne a daƙiƙa ɗaya. Idan akwai tudun rage gudu ko kwana ƴan mitoci kaɗan kafin inda aka tsayar da kai, kuma kana ɗauke da fasinja da buhu, koma wurin a ranar ka ɗauki hoto wanda zai nuna tudun da wurin tsayawar a fuska ɗaya, ka auna tazarar da taku. Karɓi lambar wayar fasinjanka kafin ya hau wani babur ya ɓace, domin shi ne shaidarka mafi kusa. Mai shayi ko mai faci da ke bakin wurin ma shaida ne, in ya yarda ya je. Da yawa ba sa yarda, don haka tambaye shi tun kafin a sa sunansa.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa yafe wa mai rubutu ba idan ya tsallake shi: duba babur ɗin kansa da takardunsa. Babura da yawa a garin nan, Kasea ne ko Boxer, wayar agogon gudunsu da ke fitowa daga cibiyar tayar gaba ta daɗe da tsinkewa, allura tana kwance a sifili. Mai irin wannan babur ba zai iya cewa "ina kan 40" ba, don za a tambaye shi a ina ya gani. Sannan permi, katgiris, asirans, binyet, da takardar duwan ga babur ɗin da aka shigo da shi ta Jibiya. Idan ɗaya babu ko ya mutu, zuwa gaban alƙali kai kanka ne za ka yi, ka je neman a cire maka laifi ɗaya ka dawo da uku. Mai aikin kirki zai ce maka: "Alhaji, wannan asirans ɗin ya ƙare tun wancan wata, biya amandinka ka je ka gyara." Ya rasa kuɗin rubutu, amma ya yi maka aiki.

Sai lissafi, wanda shi ne ke yanke magana ga mafi yawan mutane. A ɗauka, misali, kana kai wa mai babur jika 2 kullum, kai ma kana tsira da kamar haka. Kowace ranar da babur ya kwana a furiyer, inda ake ajiye ababen hawan da aka kama, ka yi asarar jika 4, ban da kuɗin ajiya. Ranar zaman kotu ma yini ne cur, kuma ana iya ɗage zama. Babur da ke tsaye a rana batir ɗinsa na sauka, mai na bushewa a kafireto ya bar datti. Saboda haka in an riƙe shi, rufe makunnin mai, ɗauki hotonsa ta kowane gefe, kuma ka tabbata takardar ƙorafin ta roƙi a sake maka shi kafin a yanke magana. Idan amandin bai kai asarar kwana biyu ba, kuma ba abin da ya rataya a kansa, biya ka karɓi kitansi mai lamba da hatimi. Inda ya kamata a tsaya a yi ja shi ne idan zargin gudun yana haɗe da haɗari, domin a nan maganar ta wuce amandi, ta shafi wanda zai ɗauki nauyin gyara da jinya da abin da kamfanin asirans zai ce. A irin wannan, teburin bakin titi ya yi ƙarami, lauya ake nema.

Takardar da aka rubuta daidai gajera ce, shafi ɗaya, zuwa ga mai gabatar da ƙara na babbar kotun Maraɗi, da fotokopin komai a maƙale. Asalin takardu su zauna a aljihunka. Sa a karanta maka ita da Hausa kafin ka sa hannu, jimla bayan jimla. Kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi gida. Ka kuma sani cewa aikin mai rubutu ya ƙare a ƙofa: ba shi da ikon tsaya maka a gaban alƙali. Kai ne za ka yi magana, ko lauya, kuma idan ba ka jin Faransanci ka nemi tafinta.

Shi kuwa mai cewa "kawo jika kaza, na san wani a ciki", kuɗin da ka ba shi ba su da kitansi, ba ka san inda suka tsaya ba, kuma idan abin ya tashi kai ma ka shiga laifin bayar da cin hanci, wanda ya fi na gudu nauyi nesa ba kusa ba. Ya ɓata sunan jami'in da wataƙila bai ma san da zancen ba.

Kafin ka zauna a teburin kowa, akwai ƙofar da mutane ba su cika ƙwanƙwasawa ba. Hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimakon jama'a kan harkar shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotunan ƙasa, kuma shawarar da take bayarwa kyauta ce. Tunda yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, ga ɗan kabu-kabun unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo wannan ita ce shawarar masana mafi kusa. Je da takardar da aka ba ka, da katgiris, da hotunan wurin, ka tambaye su kwana nawa suka rage maka na yin ƙorafi, sannan ka koma wurin mai tebur ya buga abin da suka ce a rubuta.