Gargaɗi ga 'yan'uwa da ke Ingila: ku yi hattara da ejan mai tallar aiki a Fotugal

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin wadda abin ya faru da ita ba ta so a san ita ce, kuma ba zan faɗi sunanta ba. Ƙanwata ce ta zaman tare, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma Yaya take kirana tun ranar da ta sauka a Mancesta. Da izininta nake wannan rubutu, saboda shekaranjiya na sake ganin tallar da ta cinye mata kuɗi ta dawo yawo a WhatsApp, da sabon suna da sabuwar lamba.

Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a arewacin Ingila ya san inda tallar nan take sosa wa mutum. Cikin Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Mai aikin kula da tsofaffi da ke shiga takwas na safe ta tashi takwas na dare, cikin duhu take fita, cikin duhu take dawowa. Azahar da la'asar da magariba duk a tsakanin yi wa tsohuwa wanka da ba ta magani suke wucewa, sai dai a saci minti biyar a ɗakin ajiyar kaya a yi salla. Hukumar lafiya ta NHS da kanta tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D duk tsawon shekara, don ranar ƙasar ba ta isar jikinmu. Mu da muka taso muna neman inuwa, ga mu muna neman rana kamar magani. Saboda haka ban taɓa ganin laifin wanda ya yi marmarin komawa ƙasa mai rana ba, inda zai tashi daga aiki ya tarar da sauran haske, ya zauna da 'ya'yansa. Turawan Ingila ma abin da ya daɗe yana kwasar su zuwa Sifaniya da Fotugal ke nan. Garin Faro da ke kudancin Fotugal yana samun kusan awa 3,000 na hasken rana a shekara, Mancesta ko rabin haka ba ta kaiwa.

Wannan marmarin shi ne jarin mutumin. Tallarsa bidiyo ne na bakin teku a yankin Algarve da ke kudancin Fotugal, fararen gidaje, mutane suna shan gahawa a waje ba rigar sanyi. A ƙasa ya rubuta: aiki a otal, awa takwas, kwana biyar a mako, masauki daga kamfani, takardar zama cikin wata uku, kuma za ka iya kawo iyalinka. Wannan ta ƙarshe ita ta kama ƙanwata. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu bizar aikin kula da tsofaffi shigo da miji ko mata ko 'ya'ya Birtaniya, ita kuma yaranta biyu suna gida wajen mahaifiyarta, sai dai ta gan su ta waya.

Abin da ya sa nake jin tsoron wannan mutumin fiye da 'yan damfarar da muka saba da su, rabin maganarsa gaskiya ce. Gaskiya ne makon aiki a Fotugal awa 40 ne a doka. Gaskiya ne ma'aikaci yana da hutun kwanakin aiki 22 a shekara, kuma albashi sau 14 ake biya maimakon 12. Gaskiya ne a 2021 majalisarsu ta yi dokar da ta hana mai gida damun ma'aikaci da kira ko saƙo bayan an tashi aiki, sai in larura ce babba. Duk waɗannan yana turo wa mutum labarinsu daga jaridu, ka bincika ka tarar haka ne, sai zuciyarka ta kwanta. Ga shi kuma yana jin Hausa kamar ni da ku. "Hajiya, wallahi don Allah nake wannan aiki, na ga yadda 'yan'uwanmu suke ƙarewa a cikin sanyi." Da irin wannan romon baka yake buɗe kowace hira.

Kashi uku ya karɓi kuɗin. Na farko fam 600, wai na buɗe fayil da samo lambar haraji da ake kira NIF. Bayan mako biyu sai ga lambar ta zo, kuma ta gaske ce. A nan ta saki jiki gaba ɗaya. Abin da ba ta sani ba, NIF lambar biyan haraji ce kawai, baƙon da bai taɓa taka ƙasar ba ma yana iya samunta ta hannun wakili, ofishin harajin kansa ba ya karɓar ko sisi a kanta, kuma ba ta ba mutum izinin kwana ɗaya na zama ko na aiki. Da ita yake sayen amana. Na biyu fam 1,200 na takardar ɗaukar aiki. Na uku fam 1,500 na kafin alƙalamin ɗaki da kuma, in ji shi, kama mata layi a hukumar shige da fice. Jimilla fam 3,300. Kwasar adashinta ce gaba ɗaya, har da rancen da ta ci a hannun wata abokiyar aikinta.

Ban san komai ba sai wani dare da ta zo gidana bayan ta tashi aiki, ko rigar aikin ba ta cire ba. Ta ajiye waya a kan tebur ta ce, "Yaya, ki taya ni duba Turancin wasiƙar nan, gobe zan miƙa wa manaja." Wasiƙar ajiye aiki ce. Gabana ya faɗi. Na ce ta nuna min takardar sabon aikin tukuna. Shafi biyu ce da harshen Fotugal, da tambarin otal a sama da hatimi shuɗi a ƙasa. Otal ɗin yana nan da gaske, mun gan shi a taswira. Amma lambar wayar da ke jikin takardar ba ita ce ta shafin otal ɗin ba, adireshin imel kuma na Gmail ne. Da safe muka kira lambar da muka nemo da kanmu. Matar da ta ɗauka ta ce ba su san sunan mutumin ba, ba su san sunan wanda ya sa hannu ba, kuma ba sa ɗaukar ma'aikata ta hannun ejan. Ƙanwata tana tsaye riƙe da kofin shayi, ban ga ta kai shi baki ba har ya huce. Da ta tura masa tambaya, ya ce ta yi haƙuri, reshen ɗaukar ma'aikata daban yake da wajen karɓar baƙi. Kafin la'asar hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, lambar ta daina shiga. Har yau ko sama ko ƙasa.

Yanzu ga hanyar da ya tsara mata, don ku gane ta in an kawo muku. Cewa ya yi ta nemi bizar yawon buɗe ido ta Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta shiga Fotugal a matsayin baƙuwa, in ta fara aiki sai a juya mata ita zuwa takardar zama. Wannan hanya ta taɓa wanzuwa, sunanta manifestação de interesse, kuma dubban mutane daga Brazil da Indiya da Nepal da ƙasashen Afirka sun bi ta. Amma gwamnatin Fotugal ta Firaminista Luís Montenegro ta rufe ta ranar 3 ga Yuni 2024. Lokacin hukumar shige da fice ta Fotugal, AIMA, wadda ta gaji tsohuwar hukumar SEF a Oktoban 2023, tana zaune a kan fayil kusan 400,000 da ba a duba ba. Don haka mutanen da yake nunawa a bidiyo suna ɗaga katin zama suna godiya, mai yiwuwa ba ƙarya suke ba, sai dai ƙofar da suka shiga an toshe ta. Wanda ya bi wannan tsari yau, kwanakin bizarsa na cika ya zama marar takarda a ƙasar da bai iya harshenta ba. Ita ma bizar zuwa neman aiki da suka ƙirƙiro a 2022, a ƙarshen 2025 an taƙaita ta ga masu ƙwarewa ta musamman.

Akwai wata da yake tallata wa maza musamman, bizar masu aiki ta intanet daga nesa, D8, wadda aka fara a Oktoban 2022. Ita ma gaskiya ce, amma sharaɗinta shi ne mutum ya nuna yana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, daga aikin da yake yi wa wani a wajen Fotugal. A 2025 mafi ƙarancin albashi yuro 870 ne, ke nan yuro 3,480 duk wata. Wane mai kula da tsofaffi ko mai gadi ko mai tuƙin kai saƙo ne aikinsa ke yiwuwa ta kwamfuta? Da ka kawo masa wannan tambaya sai ya ce kada ka damu, shi zai haɗa maka takardun banki da na albashi. Don girman Allah kada ku yarda. Kai za ka sa hannu, yatsunka za a ɗauka. In aka ƙi ka saboda takardar bogi, laifin a kanka zai zauna. Shi kuwa yana can ya canza lamba.

Ku kuma lura da adadin nan na yuro 870. Aikin share ɗakunan otal da wanke-wanke a kusa da nan albashinsa yake, kuma yawancinsa na lokacin bazara ne, in 'yan yawon buɗe ido suka watse aiki ya ja baya. Kuɗin haya a Lisbon da Algarve ya yi tsadar da 'yan ƙasar ma suke fitowa zanga-zanga a kansa. Wanda ya tuna abin da aka gani a Odemira, wani yankin noma a Fotugal, a 2021, lokacin da korona ta sa aka killace wasu unguwanni, aka tarar da baƙin ma'aikatan gona cunkushe a ɗakuna, da yawansu da bashin dillalan da suka kawo su a wuya, ya san cewa rana kaɗai ba ta sa mutum ya huta. Ana iya gudun gara a faɗa gidan zago.

Amma duk asarar kuɗin nan ƙarama ce a kan abin da ya kusa faruwa. Da ta miƙa wasiƙar nan, dole kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarta ya sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, su kuma yawanci kwana 60 suke ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Kuma tun 22 ga Yuli 2025 aka daina ɗauko sababbin masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, ke nan in ta fita, ba ta da hanyar dawowa ta wannan ƙofa. Shekarun da ta tara tana lissafin takardar zama ta dindindin su ma sun bi ruwa. Mutumin ya san haka sarai, amma kullum sai ya kira ta yana cewa otal na jira, ta yi maza ta ajiye aiki kada a ba wani gurbinta. Har yanzu in na tuna cewa Turancin wasiƙa ne kawai ya kawo ta gidana a daren nan, sai jikina ya yi sanyi.

Wanda yake da niyyar komawa Fotugal da gaske, ba na hana shi. Akwai waɗanda suka koma ta halastacciyar hanya, suna zaune lafiya. Amma biza da kanka ake nemanta, daga ƙasar da kake zaune bisa doka, kafin ka tafi. A nan Ingila Fotugal tana da ofishin jakadanci a Landan da Mancesta, kamfanin VFS Global ne ke karɓar takardu, kuma babu wani ejan da ke da ikon yi maka alkawarin za a ba ka. In mutum ya ce shi lauya ne a Fotugal, ƙungiyar lauyoyinsu, Ordem dos Advogados, tana da shafin da ake duba suna da lambar kowane lauya, ka nemi lambarsa ka duba. In ya nuna maka takardar rajistar kamfani ta Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya, kada ta burge ka, da kuɗi kaɗan kowa ke yin ta daga ɗakinsa. Sannan duk wurin aikin da aka ce ya ɗauke ka, ka kira shi da lambar da ka nemo da hannunka, ba wadda aka rubuta maka ba.

In kuwa ka riga ka biya, kada kunya ta sa ka yi shiru, kunyar nan yake dogara da ita. Ka ɗauki hoton duk hirarku da rasit kafin ya goge, ka kira bankinka yau ɗin nan, ko ka danna 159 a haɗa ka da su kai tsaye, sannan ka kai rahoto wajen 'yan sanda. Tun 7 ga Oktoba 2024 doka ta wajabta wa bankunan Birtaniya mayar wa wanda aka yaudara kuɗinsa har zuwa fam 85,000, in an kai ƙorafi cikin wata 13, amma sai in daga asusun Birtaniya zuwa asusun Birtaniya aka tura. Ba ta shafi kuɗin da aka tura ƙasar waje ba, ko kirifto, ko wanda aka miƙa hannu da hannu. Biyan farko na ƙanwata asusun nan ƙasar ya shiga, banki ya cire fam 100 ya mayar mata da 500. Sauran biyun kuwa cewa ya yi asusunsa ya sami matsala, ta ba mai canji ya tura naira zuwa wani asusu a gida. Sai daga baya muka gane ba matsala ba ce, da gangan ya karkatar da su inda dokar ba ta kaiwa. Fam 2,700 ɗin nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Ita dai tana nan a bakin aikinta, ta ƙara daren Asabar da Lahadi don ta biya bashin abokiyar aikinta, tafiyar da ta shirya zuwa ganin yara kuma ta ɗaga sai baɗi in Allah Ya kai mu. Masu kula da zaurukan WhatsApp na 'yan'uwa a Mancesta da Birmingham da Leeds da sauran garuruwa, ina roƙonku ku duba abin da ake turowa, ku cire tallar nan da zarar kun gan ta. Wadda na gani shekaranjiya ba ta ce Fotugal ba, Malaga ta Sifaniya ta rubuta, kuɗin buɗe fayil kuma ya koma fam 750. Amma bidiyon shi ne dai, bakin tekun nan da fararen gidajen nan, muryar da ke magana a ciki kuma ƙanwata tana ji ta gane ta.